Tsohuwar bindigar iska mai famfo: na'urar da ta haura shekara 70 kuma har yau ake gyara ta

Wayar da ke hannunka, da zarar ta yi shekara huɗu ko biyar, batirinta ya fara gajiya, kamfanin da ya ƙera ta kuma ya fara shirin daina aiko mata da sabuntawa. A Amurka da Birtaniya akwai wasu masu sha'awar na'urori da suka duƙufa kan wani abu da lissafinsa ya sha bamban da wannan, wato tsofaffin bindigogin iska masu famfo waɗanda aka ƙera tun shekarun 1940 da 1950. Suna sayo su a gwanjo ko a shagunan tsofaffin kaya, su kwance su, su canza wasu 'yan robobi da ba su kai zoben yatsa girma ba, sai ka ga bindigar da ta yi shekara talatin a jingine a bayan ƙofa ta dawo aiki kamar jiya aka fito da ita.

Wannan bindiga ba ta amfani da albarushi, ba ta buƙatar batiri ko kwalbar gas. Ƙarfinta gaba ɗaya daga damtsen mai ita yake fitowa: ya buga mata iska da hannu sau uku zuwa takwas ko goma, ya saka ɗan ƙaramin harsashin dalma, ya harba a takardar auna saiti ko gwangwani. A wannan maƙala za mu duba yadda take aiki, kamfanonin da suka yi fice da ita, yadda ake farfaɗo da wadda ta mutu, rawar da wayar hannu ke takawa a harkar, da kuma abin da doka ta ce, musamman ga mai karatu da ke Najeriya.

Yadda take aiki

Duk wanda ya taɓa buga wa keke iska ya riga ya san rabin labarin. A ƙarƙashin bututun da harsashi ke bi akwai wani bututu mai kauri, a cikinsa akwai fistin. Katakon gaba da mai harbi ke riƙewa shi ne hannun famfo. Idan ka buɗe shi, fistin ya ja baya, iska ta shiga bututun ta wata 'yar kafa. Idan ka rufe, fistin ya matse iskar ya tura ta cikin wani ƙaramin ɗaki da ake kira bawul.

Bawul ɗin yana da ƙofa biyu. Ƙofar shiga tana barin iska ta wuce ciki amma ba ta barin ta ta koma. Ƙofar fita kuma a rufe take ruf har sai an taɓa kunama. Da ka ja kunama, wani dunƙulen ƙarfe da sifirin ke turawa zai daki sandar ƙofar fita, ƙofar ta buɗe cikin ƙiftawar ido, iskar da aka tara ta bi ta wani ɗan rami ta fito a bayan harsashi ta tura shi waje.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne dokar da masanin kimiyya Robert Boyle ya wallafa a 1662: idan ka matse iska cikin wuri mafi ƙanƙanta, matsinta yana ƙaruwa daidai da yadda wurin ya ragu. Kowane bugu yana ƙara iska a ɗakin da girmansa bai canza ba, shi ya sa bugu na takwas ya fi na farko wahala nesa ba kusa ba. Haka kuma kowane ƙarin bugu yana kawo ƙarin gudu da bai kai na wanda ya gabace shi ba. Bugu uku na farko su ne ke kawo mafi yawan gudun, na ƙarshe kuwa kaɗan suke ƙarawa.

Akwai wani abin mamaki da sababbin shiga ke cin karo da shi. Idan mutum ya wuce adadin bugun da kamfani ya ƙayyade, yana zaton zai ƙara ƙarfi, sai matsin da ke ciki ya danne ƙofar fita har dunƙulen ƙarfen ya kasa buɗe ta sosai. Sakamakon shi ne harsashi ya fita da rauni, ko ma ya ƙi fita. Masu harkar suna kiran wannan kullewar bawul. Ban da wannan, yawan bugu yana cinye kusoshin da hannun famfo ke juyawa a kansu.

Wasu samfura sun bi wata hanya dabam. A Crosman 140 da Crosman 130, da kuma Sharp Innova ta Japan, kunamar ce da kanta ke riƙe da murfin bawul, da an ja sai iskar ta fice duka lokaci guda. Irin wannan tsari ba ya kullewa, sai dai kunamar tana ƙara tauri gwargwadon yawan bugun da aka yi.

Idan aka kwatanta da sauran bindigogin iska, mai famfo tana da nata matsayi. Mai sifirin tana girgiza lokacin harbi, sai an koyi riƙe ta. Mai gas na CO2 ƙarfinta yana hawa da sauka da yanayin zafi, kuma sai an riƙa sayen kwalba. Ta zamani da ake cika wa tanki tana buƙatar matsin da ya kai PSI 3,000, alhali tayar ƙaramar mota ba ta wuce PSI 30 zuwa 35 ba, don haka sai da famfo na musamman ko injin. Mai famfo ba ta girgiza, ba ta dogara da komai, kuma mai ita ne ke zaɓar ƙarfin kowane harbi. Aibinta shi ne gajiya da jinkiri tsakanin harbi da harbi.

Daga Ostiriya zuwa Amurka

Harbi da matsattsiyar iska ya daɗe. Wajen 1780 sojojin Ostiriya suka fara amfani da bindigar da Bartolomeo Girandoni ya ƙirƙira, wadda ke ɗaukar harsashi kusan 20, tankinta kuma yana cikin gindin bindigar. Sai an buga wa tankin iska kusan sau 1,500 kafin ya cika. Tawagar Lewis da Clark da ta ratsa yammacin Amurka tsakanin 1804 zuwa 1806 ta tafi da bindigar iska, kuma masana da dama na ganin samfurin Girandoni ce. Amma irin wadda muke magana a kanta, mai famfo a jikinta, kamfanoni uku na Amurka ne suka yaɗa ta a ƙarni na 20.

Na farko shi ne Benjamin, wanda Walter Benjamin ya kafa a birnin St. Louis a 1902. Samfuransa na farko suna da sandar famfo a gaba, sai mutum ya kafa ta a ƙasa ko a bango ya danna da nauyin jikinsa. Daga baya aka koma hannun famfo mai buɗewa a ƙasa, aka fito da jerin 310, 312 da 317, sannan a 1969 aka maye gurbinsu da 340, 342 da 347. Lambar ƙarshe tana faɗa maka abin da bindigar ke ci: 2 na nufin harsashi mai faɗin milimita 5.5, 7 na nufin milimita 4.5, sifili kuma na nufin bututu maras zare a ciki, na harba ƙananan ƙwallayen BB.

Na biyu shi ne Crosman na birnin Rochester a jihar Niyok. Iyalan Crosman asalinsu masu sayar da irin shuka ne, a 1923 suka shiga harkar bindigar iska. Samfurinsu na 101 ya daɗe a kasuwa daga tsakiyar shekarun 1920 har zuwa wajen 1950. A 1966 suka fito da 760 Pumpmaster, wadda aka sayar da miliyoyinta, a 1977 kuma suka fito da ƙananan bindigogin hannu 1377 da 1322 waɗanda suka zama abin wasan masu sauya fasali.

Na uku shi ne Sheridan na garin Racine a jihar Wisconsin, wanda E. H. Wackerhagen da Bob Kraus suka kafa. A 1947 suka fito da Model A, wadda ake kira Super Grade, a kan dala 56.50. Kuɗin ya yi yawa a wancan zamani har ya zarce farashin wasu bindigogin farauta na gaske, don haka kimanin 2,100 kawai aka ƙera. Wannan rashin kasuwa shi ne ya mayar da ita abin da masu tarawa ke rububi a yau. A 1949 kamfanin ya fito da Model C, wato Silver Streak, a kan ƙasa da rabin wancan farashi, a 1952 kuma Blue Streak ta biyo baya. Sheridan ta zaɓi faɗin harsashi na kanta, milimita 5, wanda a lokacin ita kaɗai ke yin sa.

Daga baya kamfanonin sun haɗiye juna. Benjamin ya sayi Sheridan a 1977, Crosman ya sayi su biyun a 1992, a 2024 kuma aka sayar da Crosman ga tsohon abokin hamayyarsa Daisy. A can gabashin duniya, samfuran Sharp na Japan, wanda ba shi da alaƙa da kamfanin talabijin mai wannan suna, sun yi farin jini a Birtaniya a shekarun 1980. A Indunusiya kuwa, ƙauyen Cipacing da ke kusa da Bandung ya shahara da maƙeran da ke ƙera bindigogin iska masu famfo.

Abin da masu tarawa ke dubawa

Mai tarawa ba ya fara tambaya ko bindiga tana harbi, domin ya san gyaran wannan abu ne mai sauƙi. Abin da ya fi damunsa shi ne abin da ba a iya dawo da shi. Tsofaffin Benjamin da Sheridan da tagulla aka yi bututunsu, shi ya sa ba sa tsatsa. A kan tagullar ake shafa farin ƙarfe na nikel ko baƙin rufi. Baƙin rufin tsofaffin Benjamin ba shi da ƙwari, hannu kawai yana goge shi a hankali, don haka wadda ta tsira da nata tana da daraja sosai. Littafin Blue Book of Airguns, wanda masu saye da sayarwa ke dubawa, yana sa farashi ne bisa kason rufin asali da ya rage a jikin bindiga.

Sai maganar shekaru. A Sheridan, siffar makullin kariya tana nuna zamani: na farko-farko ana danna shi da babban yatsa, daga 1963 kuma aka koma mai lilo da ke da maɓalli a kowane gefe. Kamfanin bai fara buga lambar siriyal ba sai 1972. A Crosman, daga tsakiyar shekarun 1970, lambobin farko na siriyal suna nuna wata da shekarar da aka ƙera bindigar. Sunan garin da aka buga a jiki ma yana da tasiri. Masu tarawa sun fi neman Sheridan mai tambarin Racine da Benjamin mai tambarin St. Louis fiye da waɗanda aka yi bayan an mayar da aikin jihar Niyok.

Akwai lahani guda da kowane gwani ke nema kafin ya biya kuɗi. A waɗannan bindigogi, bututun harsashi da bututun famfo an manne su ne da narkakkiyar dalma, irin haɗin da mai gyaran waya ke yi a kan allon waya amma mai tsawo. Wasu masu su sun riƙa ɗaura madubin hange da wani maƙali da ke cusa kansa tsakanin bututun biyu, a hankali haɗin ya tsage. Idan ya tsage a wajen ramin da iska ke bi, bindigar za ta riƙa zubar da iska a kowane harbi, gyaran kuma sai wanda ya ƙware da aikin wuta, kuma yakan ƙona rufin asali. Shi ya sa mai saye ke ɗaga bindigar ya duba ko haske yana ratsawa tsakanin bututun biyu.

Sauran abubuwan dubawa sun haɗa da katakon gindi, ko ya tsage ko an sake masa fenti, da kawunan kusoshi, ko wani ya lalata su da sukundireban da bai dace ba. Kwalin asali da takardar bayani, idan suna nan, suna ƙara farashi.

Yadda ake farfaɗo da wadda ta mutu

Matakin farko kariya ce. Bindiga mai lafiyayyen bawul tana iya riƙe iska shekara da shekaru, kuma tana iya zuwa da harsashi a ciki tun daga hannun mai ita na farko. Masu gyara suna nuna ta wuri mai aminci su harba, su sake ɗanawa su harba, har sai sun tabbatar babu iska, sannan su zura siririyar sanda a bututu su ga ko akwai abin da ya toshe. Kwance bawul da iska a ciki yana iya harbo ƙarfe a fuskar mutum.

Daga nan sai gano cuta, kuma alamominta uku ne. Idan ka buga famfo ka ji babu nauyi ko kaɗan, kofin da ke kan fistin ne ya bushe ko ya tsage. Idan hannun famfo yana turowa baya da kansa bayan ka buga, ƙofar shiga ce ke barin iska ta dawo. Idan kuma kana jin iska tana fita ta bakin bututu, ƙofar fita ce ba ta rufe ba. Inda ɗigon ya yi ƙanƙanta har kunne ba ya ji, sai a yi dabarar mai faci, a shafa ruwan sabulu a ga inda kumfa ke tashi.

Sau da yawa ba sai an kwance komai ba. Tsofaffin samfura da dama kofin fistin ɗinsu na fata ne, kuma fatar da ta bushe tana farfaɗowa idan ta sha mai na 'yan kwanaki. Mai da ake amfani da shi shi ne Pellgunoil na Crosman ko man inji mai lamba 30 wanda ba a zuba masa sinadarin wanke inji ba. Man feshi na kwance tsatsa irin su WD-40 ba a sa shi a nan, domin ba a yi shi don irin waɗannan robobi da fata ba.

Idan mai bai yi magani ba, sai canza robobi. A nan ne tsofaffin Benjamin da Sheridan ke gwada haƙurin mutum. Jikin bawul ɗinsu an manne shi a cikin bututu, ba ya fitowa, don haka sai an zura wani dogon makulli na musamman ta baya a kwance notin da ke riƙe da kayan ciki, a jawo su ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu har da wasu 'yan zobba na dalma da sai an ƙwaƙulo su a hankali ba tare da an karce mazauninsu ba. Samfuran baya, irin su yawancin 392 da 397, an yi musu bawul mai fitowa gaba ɗaya, wanda ya sauƙaƙa aikin ƙwarai. Har yau akwai ƙananan shaguna a Amurka da Birtaniya da ke sayar da ƙunshin robobi da wannan makulli don bindigogin da aka daina ƙerawa tun kafin a haifi iyayen masu gyaran.

Bayan an haɗa, ana daidaita tsawon sandar fistin a samfuran da ke ba da damar haka, ta yadda kan fistin zai taɓa fuskar bawul daidai lokacin da hannun famfo ke rufewa. Duk wani gibi da ya rage tsakaninsu iska ce da aka matse amma ba ta shiga bawul ba, wato wahalar banza. Shawarar da kusan kowane mai gyara ke bayarwa ita ce a ajiye bindigar da bugu ɗaya ko biyu a ciki, babu harsashi, domin matsin ya riƙe ƙofofin a rufe, ƙura ba ta shiga ba.

Wayar hannu a teburin gyara

Ta yaya mutum zai san gyaransa ya yi? Kunne ba ya iya bambance harsashin da ke gudun mita 170 a daƙiƙa da mai gudun mita 200. Da can sai an sayi babbar na'urar auna gudu mai idanu biyu. Yanzu akwai ƙanana da ke shiga aljihu, irin ta kamfanin FX na Suwidin mai aiki da rada, wadda ke aika sakamako zuwa manhajar waya ta Bluetooth. Akwai kuma manhajojin da ke amfani da makirfon waya kawai, su auna tazarar lokaci tsakanin ƙarar harbi da ƙarar isar harsashi a wurin da aka san nisansa. Ba su kai na'urar gaske daidaito ba, amma suna nuna ko an ci gaba ko an ci baya.

Gwajin da aka saba yi shi ne a harba da bugu uku, sannan huɗu, har zuwa iyaka, ana rubuta gudun kowanne. Bayan harbin ƙarshe sai a sake ɗanawa a harba ba tare da an buga iska ba. Idan aka ji ƙara, bawul bai zubar da iskarsa duka ba, alamar sifirin ya gaji ko an yi bugu fiye da kima.

Daga gudu ake lissafa ƙarfi: rabin nauyin harsashi a kilogiram, a ninka da gudu sau biyu. Harsashin Sheridan mai nauyin giram 0.93, idan ya fita da gudun mita 205 a daƙiƙa, wanda shi ne kusan abin da kamfanin ya ce bugu takwas ke bayarwa, ƙarfinsa ya kusa joule 20. Ka riƙe wannan lamba, za mu dawo kanta.

Wayar tana da wasu ayyukan. Masu gyara suna ɗaukar hoton kowane mataki lokacin kwancewa don kada su manta wane sifirin ne ke gaban wanne. Tsofaffin zane-zanen kayan ciki da kamfanoni suka buga suna nan a intanet. Inda wani ɗan ƙaramin sashe na roba ya ɓace daga kasuwa, wasu suna zana shi a kwamfuta su fitar da firintar 3D, ko da yake ba a sa irin wannan a inda matsin iska ke taruwa.

Sauya fasali, da gardamar da ke biye da shi

Idan ana maganar sauya fasali, Crosman 1377 da 1322 ne kan gaba, har ana kwatanta su da Lego. Dalili shi ne suna da araha, kuma sassansu da dama suna shiga jikin wasu samfuran kamfanin, kamar 2240 mai gas. Mutum yana iya cire mazaunin harsashi na roba ya sa na ƙarfe wanda ke karɓar madubin hange, ya sa dogon bututu, ya ɗaura gindin kafaɗa, ya goge kayan kunama su yi laushi. Wasu suna canza fistin da bawul zuwa masu shafaffen kai domin rage gibin da muka ambata. A ƙarshe akan sami wanda ya kashe ninkin kuɗin bindigar sau uku ko huɗu a kan sassa. A ɓangaren manyan bindigogin, shagon Mac-1 na Tim McMurray a Kalifoniya ya yi suna da wani gyara da ya sa wa suna Steroid, inda ake ƙarfafa famfo da bawul na Benjamin da Sheridan su jure bugu fiye da na asali.

A nan ne masu harkar suka rabu gida biyu. Masu tarawa suna cewa duk ramin da aka huda don ɗaura madubi, duk rufin da aka kankare don tagulla ta yi ƙyalli, asara ce da ba ta dawowa, domin ba za a sake ƙera Sheridan ta 1955 ba. Masu harbi kuma suna cewa an yi bindiga ne don a yi amfani da ita, kuma wadda ta riga ta goge ba ta da abin da za ta rasa. Matsayar da mafi yawa suka tsaya a kai ita ce: wadda ba ta da yawa ko ta tsira da kamanninta, a canza mata robobi kawai a bar ta. Wadda ke cike da kasuwa ko ta riga ta lalace, a yi yadda ake so da ita, amma a adana sassan asali a leda domin mai saye na gaba.

Abin da doka ta ce

Bindigar iska ba abin wasan yara ba ce. Tana fasa ido, kuma an sha samun waɗanda suka rasa ransu ta dalilinta. Shi ya sa masu harkar ke sa gilashin kariya, suna harbi a akwatin da ke kama harsashi. Dalmar kanta guba ce, ba a sa harsashi a baki, kuma ana wanke hannu bayan an taɓa. Wanda ya san abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan.

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka dokar tarayya ba ta lissafa ta cikin bindigogi masu albarushi, amma jihar New Jersey tana lissafa ta. A Ingila da Wales, babba yana iya mallakar doguwar bindigar iska ba tare da lasisi ba muddin ƙarfinta bai wuce kimanin joule 16 ba, ƙaramar ta hannu kuma kimanin joule 8. Ka tuna Sheridan ɗin da ta kusa joule 20: gyara mai kyau kaɗai yana iya tsallakar da mai ita zuwa laifi, shi ya sa auna gudu ya zama dole a can. A Sikotland, tun ƙarshen 2016 sai da takardar izini ko da ƙarfin bai kai haka ba. A Jamus iyakar ita ce joule 7.5, kuma sai bindigar tana ɗauke da tambarin harafin F a cikin zane mai kusurwa biyar.

A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sanya bindigogin iska, dogaye da ƙanana, a rukunin makaman da sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda ake mallaka. Ƙananan bindigogin iska na hannu kuma suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su kwata-kwata. Don haka ganin 1377 a shagon intanet da araha ba dalili ba ne na danna maɓallin saye. Ga kuma halin tsaro da ake ciki: jami'in da ke shingen bincike, ko ɗan sintiri da dare, ba shi da lokacin tantance ko abin da ke hannunka iska yake ci ko albarushi.

Me ya sa ta daɗe haka?

Idan ka duba, abubuwa kaɗan ne suka ba wannan na'ura tsawon rai. An yi ta da tagulla da katako, kayan da ba sa saurin lalacewa. Abin da ke gajiya a cikinta roba ne da fata da sifirin, kuma duk an tsara su yadda za a iya cirewa a sauya. An haɗa mafi yawan sassanta da kusoshi, ba da gam ba. Kamfanonin sun buga zanen kayan ciki, kuma babu wata manhaja da za ta ƙi karɓar sashen da wani maƙeri dabam ya yi.

Waɗannan su ne kusan abubuwan da masu fafutukar 'yancin gyara ke nema a wayoyin hannu. Daga ranar 20 ga Yunin 2025, Tarayyar Turai ta wajabta wa masu sayar da sababbin wayoyi a ƙasashenta su samar da muhimman kayan gyara na aƙalla shekara bakwai bayan an daina sayar da samfurin, su ci gaba da sabunta manhajar wayar na aƙalla shekara biyar, batirin kuma ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa. Da yake kamfanoni ba kasafai suke ƙera waya dabam don kowace nahiya ba, akwai yiwuwar amfanin wannan doka ya iso har teburin masu gyara a Farm Centre ta Kano. Kafin ka sayi wayarka ta gaba, ka tambayi mai gyara ko ana samun allonta da batirinta a kasuwa, ka kuma duba shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin sabunta ta.